Daga Barikin Dalet Zuwa Kogon Himeyuri

Wanda ya shigo Kaduna ta hanyar Zariya, kafin ya kai tsakiyar gari sai ya ratsa Kawo, ya wuce tasha da gada da hayaniyar 'yan kamasho, sannan ya fara ganin katangun soja. A nan barikin Dalet yake. Mutanen gari sun saba da sunan har ya zama kamar na unguwa, ana faɗa wa mai keke a hau a wuce, ba mai tsayawa tambayar ma'anarsa. Dalet dai ba Hausa ba ce, ba Gbagyi ba ce, ba kuma sunan wani Bature ba ne. Sunan wani rafi ne a yankin Arakan na ƙasar Bama, inda sojojin Afirka ta Yamma suka gwabza da Japanawa a farkon shekarar 1945.

Ba shi kaɗai ba ne. A ƙetaren kogi akwai barikin Kalapanzin, a Zariya akwai Chindit, a Legas akwai Myohaung da Arakan da Tamandu, a Ibadan akwai Letmauk. Duk tsarabar yaƙin Bama ce. Kaduna kuwa tun asali garin soja ne, domin rundunar sojan Afirka ta Yamma, wato WAFF, ta riga gwamnati sauka a bakin kogin, kafin a taso da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917, kuma shekara da shekaru ɗaya daga cikin manyan titunan garin sunan rundunar yake ɗauke da shi kafin a mayar da shi titin Muhammadu Buhari. A lokacin yaƙin Hitila, kimanin mutum 90,000 aka kwasa daga Afirka ta Yamma zuwa Indiya da Bama, fiye da rabinsu 'yan Najeriya, cikin runduna ta 81 da ta 82. Hausa ce harshen da ya haɗa da yawa daga cikinsu, har Sarkin Katsina Usman Nagogo ya tafi can ya gaishe su a 1944.

A daidai makonnin da runduna ta 82 ke fama da daji da laka a kewayen Dalet da Tamandu, can gabas mai nisa, a Okinawa, a ɓangaren abokan gaba, ana shirya wasu 'yan mata 'yan makaranta don shiga yaƙin nan guda. Su ba bindiga aka ba su ba. Bandeji aka ba su, da bokiti, da fitila.

Okinawa tsibiri ne a kudu maso yammacin Japan. A da daular Ryukyu ce mai sarkinta da harshenta, sai Japan ta haɗiye ta a 1879. A gefen babban birninta, Naha, akwai makarantun mata biyu da suke haraba guda: sashen mata na makarantar horon malamai, da babbar sakandaren mata ta ɗaya ta lardin. Kowacce tana da mujallarta, ta ɗaya ana kiranta Otohime, ta ɗayar Shirayuri, wato farar fure. Da aka haɗa mujallun sai aka gutsuro daga kowane suna aka sami Himeyuri, sunan ya bi ɗaliban. Shiga makarantun nan sai mai ƙoƙari, kuma iyaye daga ƙauyuka da ƙananan tsibirai suna alfahari idan 'yarsu ta samu gurbi, domin gobe malama ce.

Tun a 1944 karatu ya fara ja da baya. Aka koma haƙa ramuka, da noman abincin soja, da koyon ɗaurin rauni a hannun likitocin runduna. A daren 23 ga Maris 1945, da jiragen Amurka suka fara luguden wuta a kan tsibirin, aka tara ɗalibai 222 da malamai 18, aka sa su a hanya zuwa asibitin soja da ke Haebaru, tafiyar 'yan kilomita daga Naha. Shekarunsu daga 15 zuwa 19. Waɗanda suka tsira sun faɗa daga baya cewa sun zaci gini za su tarar, da tutar Red Cross tana kaɗawa a kai, inda harsashi ba ya zuwa. Sun zaci kwana kaɗan za a yi a ci nasara a koma aji. Shi ya sa wasu suka tafi da littattafansu, da alƙalami, da madubi da mataji.

Abin da suka tarar tudu ne da aka huda shi da ramuka kusan talatin, an jera gadajen katako masu hawa biyu a jikin bango. Ranar 29 ga Maris aka yi wa 'yan ajin ƙarshe bikin yaye a wata rumfar soja, da hasken kyandir, ƙarar igwa na katse jawabi. Ranar 1 ga Afrilu sojojin Amurka suka sauka a tsibirin.

Daga nan asibitin ya cika ya batse. Ana shigo da masu rauni dare da rana, ramin da aka yi don mutum kaɗan ya ɗauki ninkin ba ninki. Ba iska, ba haske sai na fitila, ga wari na jini da mugunya da bawali. Aikin 'yan matan shi ne duk abin da ya rage bayan likita ya ɗaga hannu: su ba da ruwa, su kwashe kashi da fitsari, su tsince tsutsa daga gyambo, su danne soja a kan tebur yayin da ake yanke masa ƙafa ko hannu, wani lokaci maganin kashe zafi bai isa ba, sannan su ɗauki abin da aka yanke su fita da shi su zubar a ramin da bam ya haƙa. Wanda ya cika, su ne masu ɗaukarsa zuwa binnewa. Barci a tsaye ake yinsa, a jingine da bango. Kwarkwata ta cika kai da tufafi.

Aikin da suka fi tsoro shi ne ɗebo abinci da ruwa. Ɗakin girkin yana can cikin ƙauye, a bayan tudu, don haka sai mutum biyu su rataya ganga a sanda su saɓa a kafaɗa, su bi wata siririyar hanya mai santsi, wuta na sauka hagu da dama. Idan harsashi ya taho sai su rufa a kan gangar, domin abin da ke ciki shi ne cimar mutum ɗaruruwa. Curin shinkafar da ake raba wa kowa ya yi ta ƙanƙancewa, har ya koma ɗan dunƙulen da bai cika tafin hannu ba, sau ɗaya a yini.

A ƙarshen Mayu rundunar Japan ta bar hedikwatarta da ke ƙarƙashin fadar Shuri ta ja kudu. Ranar 25 ga wata aka umarci asibitin ya bi. Damina ce, laka har gwiwa. 'Yan matan suka ɗauki magunguna, suka tallafi masu iya ɗingishi, wasu suka goya ƙawayensu da suka ji rauni. Sojojin da ba sa iya tashi aka bar su a ramukan, kuma akwai shaidar waɗanda suka tsira cewa an raba musu madara da aka zuba wa guba.

Kudancin Okinawa ƙasa ce mai duwatsun farar ƙasa, cike da koguna na halitta da mutanen wurin ke kira gama. A cikinsu aka rarraba ma'aikatan asibitin, a kewayen ƙauyen Ihara da maƙwabtansa. Asibiti dai sai suna, don ba magani, ba gado, ba abinci. A daren 18 ga Yuni, ranar da harsashin igwa ya kashe kwamandan sojojin Amurka a tsibirin, Janar Simon Buckner, aka tara ɗaliban aka ce an sallame su. Kowa tasa ta fisshe shi. Su fita daga kogo su san inda dare ya yi musu.

Lissafin da ya biyo baya shi ne abin da gidan tarihin Himeyuri ya fi nanata wa baƙi. A cikin kusan kwana 90 da suka yi suna aiki a ƙarƙashin ruwan wuta, mutum 19 suka rasa. A 'yan kwanakin da suka biyo bayan sallamar, fiye da 100 suka mutu.

Gaba kura, baya sayaki: ta arewa tankokin Amurka, ta kudu gaɓar teku mai tsayi da jiragen ruwa a jere. Da asubar 19 ga Yuni, kafin waɗanda ke kogon sashen tiyata na uku a Ihara su kai ga fita, sojojin Amurka suka iso bakin kogon, suka yi kira a fito, ba wanda ya fito, suka jefa abin fashewa mai farin hayaƙi mai shaƙe numfashi. Cikin kusan mutum 100 da ke ciki, da sojoji da ma'aikatan jinya da 'yan ƙauye, fiye da 80 suka halaka. Sauran ɗaliban suka watsu cikin gonakin rake da sarƙaƙiyar bakin teku. Wasu harsashi ya same su, wasu igiyar ruwa ta tafi da su. An riga an cusa musu a makaranta cewa faɗawa hannun abokin gaba abin kunya ne da ya fi mutuwa, kuma Amurkawa za su keta musu haddi kafin su kashe su. Don haka ranar 21 ga Yuni, a gaɓar Arasaki, wani malami da wasu ɗalibansa suka haɗa kai suka tayar da gurneti. Waɗanda aka kama kuwa, ruwa da magani aka ba su.

Cikin mutum 240 da suka bar makaranta a daren 23 ga Maris, 136 ba su dawo ba: ɗalibai 123, malamai 13. Idan aka haɗa da 'yan makarantun biyu da suka mutu a wasu wurare a yaƙin, adadin ya kai 227. Ba su kaɗai aka ɗiba ba, domin akwai ayarin Shiraume da na Zuisen da wasu daga sauran makarantun mata, ga kuma yara maza da aka sa cikin aikin soja. Yaƙin Okinawa gaba ɗaya ya ci rai kimanin 200,000, kusan 94,000 daga ciki fararen hula, kuma ana ƙiyasta cewa cikin kowane mutum huɗu na tsibirin ɗaya ya tafi.

Ba gwamnati ce ta fara tuna su ba. A farkon 1946 hukumar sojan Amurka ta tsugunar da mutanen ƙauyen Mawashi a wannan yanki na kudu, suka tarar da ƙasusuwa warwatse a gona da hanya, ba damar sa fartanya. Dagacinsu, Kinjo Washin, ya nemi izini aka shiga tattarawa. Shi kansa 'ya'yansa mata biyu suna cikin 'yan Himeyuri da suka mutu. Suka tara ƙasusuwan dubban mutane wuri guda suka yi musu kushewa, sannan a watan Afrilu suka kafa wani ɗan dutse a bakin kogon Ihara, suka rubuta masa suna hasumiyar Himeyuri. Mai ziyara da ya ji an ce hasumiya yakan ɗaga kai yana neman gini mai tsawo. Dutsen bai kai ƙugun mutum ba.

Ɗaya daga cikin malaman da suka tsira, Nakasone Seizen, masanin harshe, ya bi ɗalibansa yana karɓar abin da suka rubuta na wahalar da suka sha, ya fitar da shi littafi a 1951. A 1953 fim ɗin da Imai Tadashi ya shirya a kan labarin ya cika gidajen sinima a Japan. Sai dai shaharar ta zo da nata ciwon. Labarin ya fara rikiɗa yana zama tatsuniyar kyawawan 'yan mata da suka sadaukar da rai don ƙasa, alhali waɗanda suka fito daga kogon sun san babu wani kyau a abin da idonsu ya gani. Da yawansu sun zama malaman makaranta kamar yadda aka horar da su, suka yi aure, suka haifa, suka kuma kame bakinsu shekaru da dama. Sun ce nauyin haɗa ido da iyayen ƙawayensu suke ji, don su sun rayu, 'ya'yan mutane ba su rayu ba. Wurin kansa bai rabu da siyasa ba: Okinawa ta zauna a hannun Amurka har 15 ga Mayu 1972, kuma a watan Yuli 1975, da Yarima Akihito mai jiran gado ya zo ajiye furanni, wasu masu adawa da suka ɓuya a kogon suka jefo kwalbar fetur mai wuta kusa da shi.

Sai da waɗanda suka tsira suka manyanta suka yanke shawarar faɗa da bakinsu. A shekarun 1980 ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta shiga neman gudummawa, matan da suka haura shekara hamsin suka sake sauka cikin kogunan da suka yi rantsuwar ba za su ƙara kallo ba, suna tono abin da ƙasa ta rufe. Ranar 23 ga Yuni 1989 aka buɗe gidan tarihin zaman lafiya na Himeyuri, dab da kogon, a cikin birnin Itoman na yanzu. Ba da kuɗin hukuma aka gina shi ba, kuma da kuɗin shiga da gudummawa yake tafiya.

Baƙo yakan sauka daga mota ya tarar da masu sayar da furanni a bakin hanya, ya saya, ya taka zuwa gaban farin dutsen da aka zana sunayen mamatan, ya ajiye. A gabansa bakin kogon ne a buɗe, an kewaye shi, rami mai duhu da ya nutsa ƙasa kusan a tsaye. A gefe ga dubban tsuntsayen takarda masu launi da 'yan makaranta ke naɗawa su rataye. Ginin kansa an yi shi da siffar tsohuwar makarantarsu, da lambun furanni a tsakiya. Ɗakunan farko rayuwar makaranta suke nunawa, hotunan wasanni da ɗakin kwana da yadda kayan makaranta suka koma wandon aiki. Sai kayan da aka tono: allurai, kwalaben magani, almakashi, mataji, akwatin alƙalami, kwanon abinci.

Ɗakin da ake jimawa a ciki shi ne na hotuna. Fuskokin mamatan ne a jere a bango, kowacce da sunanta, da inda ajali ya same ta, da ɗan bayanin halinta kamar yadda ƙawayenta suka tuna. A tsakiyar ɗakin an shimfiɗa manyan littattafai na shaidar waɗanda suka tsira, mutum ya tsaya ya karanta. A ƙarshensa an ƙera kwatancin kogon daidai girmansa, ta yadda baƙo zai ga bakin ramin daga ƙasa, kamar yadda su suka gan shi. Shekara da shekaru tsofaffin da kansu suke tsayawa a ɗakunan suna ba da labari. Da ƙarfi ya fara ƙarewa suka horar da matasa, suka daina laccar da suka saba yi wa ayarin ɗalibai a 2015, kuma a 2018 aka naɗa Futenma Chokei shugaban gidan, na farko da aka haifa bayan yaƙin. Tafiya kaɗan daga nan, a Mabuni, akwai allunan dutse da aka kafa a 1995 masu ɗauke da sunaye fiye da 240,000 na duk wanda yaƙin ya ci, Bajapane da Ba'amurke da ɗan Koriya, soja da jariri, ba a ware kowa ba.

Rundunonin da suka bar wa Kaduna sunan Dalet su ma suna da nasu masu bandeji da bokiti. Runduna ta 81 ta ratsa kwarin kogin Kaladan inda da ƙyar mota ke shiga, abinci daga jirgin sama ake jefo mata, kaya kuwa a kan dubban 'yan dako yake tafiya, su ne kuma masu ɗauko wanda aka harba. Cikin ma'aikatan jinyarta akwai Isaac Fadoyebo, ɗan Emure-Ile kusa da Owo, wanda ya shiga soja a 1942 yana da shekara 16, sa'an 'yan matan Himeyuri. A farkon Maris 1944 Japanawa suka yi wa ayarin asibitinsu kwanton ɓauna a bakin Kaladan, aka farfasa masa ƙafa, aka bar shi a matsayin gawa. Wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye shi a gidansa tare da David Kargbo ɗan Saliyo, yana ciyar da su, alhali ya san idan aka gano kashe shi za a yi. Sai a watan Disamba aka cece su. Fadoyebo ya rubuta labarinsa aka buga a 1999, kuma a 2011 ɗan jarida Barnaby Phillips ya kai wasiƙar godiyarsa ga iyalan Shuyiman a ƙauyensu, shekara guda kafin rasuwar Fadoyebo. Daga jihar Kaduna ma, Biyi Bandele haifaffen Kafanchan, wanda mahaifinsa ya yi yaƙin, ya gina ƙagaggen labarinsa na 2007 a kan yaran da aka kai Bama.

Kaduna ba ta rasa wuraren ajiye tarihi ba. Akwai gidan tarihi na ƙasa a titin Ali Akilu, akwai Gidan Arewa a titin Rabah, inda aka kashe Sardauna Ahmadu Bello da matarsa Hafsatu a daren 15 ga Janairu 1966. A daren nan, a wani gida cikin garin, aka harbe Birgediya Samuel Ademulegun tare da matarsa Latifat, wadda nas ce, tana da juna biyu. Ranar 15 ga Janairu ɗin ce kuma ƙasar ta keɓe don tunawa da 'yan mazan jiya, saboda a ranar aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970. Akan yi fareti, a busa begila, a ajiye furanni, a saki fararen tattabaru. A asibitin soja na 44, nan cikin gari, ma'aikatan jinya suna karɓar waɗanda aka kwaso daga fagen daga na wannan zamani.

Fagen ma bai tsallake masu jinyar ba. Ranar 1 ga Maris 2018 mayaƙa suka afka wa garin Rann na jihar Borno, inda dubban 'yan gudun hijira ke zaune, suka tafi da mata uku ma'aikatan lafiya. Biyu daga cikinsu ungozomomi ne da ke aiki ƙarƙashin tallafin ƙungiyar Red Cross ta duniya, tutar nan da 'yan matan Okinawa suka zaci za ta kare su. A watan Satumba aka kashe Saifura Hussaini Ahmed Khorsa, tana da shekara 25. A watan Oktoba aka kashe Hauwa Mohammed Liman, tana da shekara 24, ɗaliba a Jami'ar Maiduguri.